Ruwan Gwangwani da Hannun Baba Sanda

Samarin da ake turo mini su koyi ciyar da ma'aikata a daji, kusan dukansu da tambaya ɗaya suke zuwa: buhu nawa na gero, jarka nawa ta mai. In na faɗa musu sai su rubuta, su ɗauka sun gama koyo. Wani ma ya ce da ni, "Baba, ai tuwo tuwo ne, ko a gida ko a daji." Ban yi masa gardama ba, don tun ina yaro magana ba ta zo mini da sauri. Alƙalami ya fi mini sauƙi, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina dafa wa magina rijiya abinci tsakanin Dakoro da arewa. A tafiyar farko da aka bar mini tukunya ni kaɗai, wani dattijo mai suna Baba Sanda ya rasa amfanin hannunsa na dama, kuma sanadin abin daga wajena ya fito. Ina so ku san yadda aka yi tun kafin a bar wa ɗayanku tukunya.

Ban shiga aikin da niyya ba. Na gama lakwal, wato makarantar boko ta farko, a Dakoro, ina jiran a kira ni Maraɗi in ci gaba da karatu, kiran bai zo ba. Lokacin ba mu daɗe da samun mulkin kai ba, ana neman duk wanda ya iya karanta Faransanci. Masu gina rijiyoyi suna son wanda zai karanta musu abin da ke rubuce a jikin buhuna da kwalaye, sai aka haɗa ni da kukunsu, Baba Mantau. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya yi wa sojoji girki tun zamanin Turawa, bai san baƙi ko ɗaya ba. Ya dube ni, ya dubi littafin da ke hammatata, ya ce, "Wannan ba ya hura wuta, ajiye shi."

Aikin farko da ya ba ni tsintar ganye ne. Ya kai ni kasuwar Dakoro wurin wata tsohuwa, ya sayi busasshen zogale da tafasa da yakuwa da garin kuka, da kabewar da aka yanka aka shanya, da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Ba ya saye sai ya murza ganyen a tafin hannu ya shinshina. In ya ga ya yi fari-fari sai ya ture, ya ce rana ta cinye shi, na kirki a inuwa ake shanya shi. Kwana uku muka yi a bayan magaza, ɗakin ajiyar kayanmu, muna fitar da tsinke da tsakuwa. Kowane iri da buhunsa, a ɗinke bakin, a rataye shi can sama a ƙarfen kamyo, babbar motarmu ta kaya, nesa da gangar man mota, don in warin mai ya shiga ganye ba ya fita. Ni kuwa a raina ina cewa na yi shekara shida a benci don in zo in tsinci zogale.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tukunyar ƙarfe biyu, babba ta tuwo da ƙarama ta miya. Muciya mai tsawon da ta kai mini ƙirji, maburgi, mara, ludayi uku, rariya, ƙaramin turmi, salka biyu na ruwa, da zana huɗu da muke kafawa su kare murhu daga iska. Zanar nan ita ce rabin girki a arewa. In ba ka kafa ta daidai ba, yashi zai shiga tuwo, mutum ya wuni a cikin rami ya fito ya tauna ƙasa. Itace kuma ba a wasa da shi, don wani wurin sai ka yi tafiyar sa'a kafin ka tara na kwana biyu. Baba Mantau ya koya mini in tona murhu cikin ƙasa maimakon in jera duwatsu, in ɗora miya a bakin wutar tuwo, in rufe garwashi da toka ya kwana.

Abin da na fi rainawa shi ne tattara kwanoni. Baba Mantau ba ya bari wani ya yi. Shi da kansa yake bi bukka-bukka ya ɗauko, ya tsaya yana kallon abin da aka rage. Na ɗauka rowa ce. Wata rana ya nuna mini kwanon da mutum huɗu suka ci a ciki, gefe uku an share, gefe ɗaya an ɗan taɓa.

"Wa ke zama ta nan?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ɗan Jimma ne. Haƙori ke damunsa, ya ƙi faɗi. Gobe ka dama masa kunu."

Haka kuwa abin yake. Na yi mamaki, amma ban ɗauke shi karatu ba. A wurina karatu yana cikin takarda.

Mutanen da muke ciyarwa goma sha biyu ne. Shugaban tafiya shi ne Garba, wanda ya yi makarantar aikin a Yamai, muna ce masa Mushe Garba irin kiran girmamawa na Faransanci. Ɗan Jimma shi ke riƙe da ƙarfen da ke naɗe igiya a bakin rijiya, mutum mai baki, ba ya ganin abu ya ƙyale. Amma in an shiga ƙasa, Baba Sanda ne sarki. Mutumin Birnin Lalle ne, dogo, marar hayaniya, ya gaji aikin daga ubansa. Yana ɗanɗana ƙasar da dagi ya fasa ya gaya maka saura gaba nawa a kai ga ruwa. Rijiyoyin ƙasarmu suna da zurfi, wata gaba talatin, wata fiye. A can ƙasa ko da tsakar rana kamar bayan magariba ne. Sai mutum ɗaya ya tsaya a baki da madubi yana tura hasken rana ciki. In an kai yashi mai zubewa, sai a riƙa saukar da zoben siminti ɗaya bisa ɗaya don bango ya tsaya. Na sama suna sakin igiya a hankali, na ƙasa yana tarye zoben da hannu biyu yana daidaita shi kan ɗan'uwansa. Baba Sanda kaɗai ake ba wannan aikin.

Rani biyu na yi a ƙarƙashin Baba Mantau. A na uku damina ta yi gardama. Gero bai yi ba, ciyawa ba ta yi ba, makiyaya suka yi kudu da dabbobinsu tun kaka ba ta ƙare ba. A daidai lokacin gwiwar Baba Mantau ta kumbura, ya kasa hawa kamyo. Mushe Garba ya ce da ni, "Isufu, tukunya taka ce." Za mu gina rijiya a gaban Azagor, tafiyar rabin yini, wata uku ko huɗu.

Na je kasuwa wurin tsohuwar nan na tarar babu komai sai busasshiyar kuɓewa da daddawa. Ta ce in jira kwana takwas, ɗiyarta za ta kawo zogale da tafasa daga wajen Maraɗi. Mushe Garba kuwa yana son tashi jibi, don mutanen wurin sun aiko sau biyu, tsohuwar rijiyarsu ta rufta. A magaza akwai wasu kwalaye da aka kawo cikin kayan taimako, ba wanda ya taɓa su. Na buɗe ɗaya. Ƙananan gwangwanaye ne, a jikinsu hoton tumatir da karas da wasu ganyaye. Na karanta rubutun sau uku. Ruwan kayan lambu ne da aka tatsa aka rufe, ana sha haka nan. Ina da wani ɗan littafi kan abinci da lafiyar jiki da malaminmu ya ba ni, na kwatanta abin da ke cikinsa da abin da ke jikin gwangwani, na ga sun dace. Abin da jiki ke nema a ganye yana ciki, har ya fi na busasshe.

Na sami Mushe Garba, na ce masa da murya ƙasa-ƙasa, "Mushe, ba sai mun jira ganye ba."

Na yi masa bayani. Ya ce, "Kai ka karanta, ko?"

"Na karanta."

"To loda."

Da yamma na kai wa Baba Mantau ɗaya a ƙofar gidansa. Ya girgiza shi kusa da kunne.

"Miya ce?"

"Ruwan kayan lambu ne, Baba. Sha ake yi."

"To ka juye a tukunya."

"Littafi ya ce wuta tana rage amfaninsa."

"Littafin ya taɓa ciyar da ƙato goma sha biyu?" Ya miƙo mini gwangwanin. "Isufu, juye a tukunya."

Na ce to. Amma irin "to" ɗin da yaro ke ce wa babba ne don a rabu lafiya.

Wurin da muka sauka fili ne fetal, sai ƙaya da ƴan itatuwan aduwa. Sauran shekaru in mun kafa bukkoki, kwana biyu ba a yi sai matan Fulani sun zo da nono da man shanu, Buzaye su zo da cuku, wani lokaci a sayar mana da akuya. Wannan karon ko kukan tinkiya ba mu ji ba. Abincinmu ya zama kunu da safe, tuwo da miyar kuɓewa rana da yamma, sai wake in ya samu. Ban damu ba, don ina da kwalayena.

Na kula da gwangwanayen nan fiye da yadda na kula da kaina. Na tona rami a inuwar aduwa, na jera su, na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kowane ɗaya sai na goge shi, na duba ko ya kumbura ko ya yi tsatsa. Sau uku a mako, bayan azahar, nake bi ina ba kowa nasa a hannu. A rufe nake bayarwa, don na karanta cewa in an buɗe shi a zafi ba ya jimawa, kuma ina son kowa ya sami rabonsa cif, kada wani ya fi wani.

Ranar farko na buɗe ɗaya don su gani. Ɗan Jimma ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Ɗan lakwal, jinin wa ka kawo mana?"

"Tumatir ne da karas."

"Karas kuma wane ne, ɗan'uwan Mushe?"

Aka yi dariya. Na ce musu maimakon ganye ne, yana kare lafiya, kowa ya sha nasa. Sau ɗaya na faɗa, kaina a sunkuye, ban tabbata na ƙarshen layi ya ji ba. Baba Sanda ya karɓi nasa ya daɗe yana kallon hoton.

"Wannan daga ƙasar Turawa ya taho?"

"Daga can, Baba."

"Ya ƙetare ruwa?"

"A jirgi."

"In ba a buɗe ba, yana lalacewa?"

Na ji daɗin tambayar, don na san amsarta. Na ce, "Ba ya lalacewa, Baba. Ko shekara zai kai."

Ya ce, "Madalla," ya sa a aljihun riga.

Za ku ce yaya aka yi wata uku ban lura ba. Ga yadda aka yi. Mutanen nan sa'o'in ubana ne, kuma babba ba ya shan abin marmari a gaban yaro, sai ya shiga bukka. Ni kuma ba ni da fuskar da zan tsaya a kan dattijo in ce sha in gani. Ban taɓa ganin fankon gwangwani a yashe ba, amma a wancan zamani wa ke yar da gwangwani? Moɗa ne, ma'aunin gishiri ne, fitila ce. Na ɗauka suna sha suna adana fankon. Ba wanda ya taɓa aron mabuɗina na gwangwani, na ce ai kowa yana da wuƙa. Kowane abu da ya kamata ya tsayar da ni, na samo masa amsa ni kaɗai ban tambayi kowa ba. Kwanonin tuwo kuwa ina duba su kullum yadda aka koya mini, kullum a share. Ni da Mushe Garba muna shan namu, lafiyarmu lau.

A wata na uku aka fara jin muryar Baba Sanda daga ƙasa fiye da da.

"Gyara madubin!"

Mai madubi ya ce, "Baba, ai hasken yana bisa kanka."

"To ƙara shi."

Ɗan Jimma ya leƙa ya ce, "Baba, rana ɗaya Allah ya yi mana, ita ce muke turo maka duka."

Da magariba na ga Baba Sanda ya yi tuntuɓe da butarsa, ya tsaya yana lalube da ƙafa. Wani daga cikin masu jan guga ya taka tokar murhuna. Na ce gajiya ce. Na san sunan dundumi, ciwon da ke hana mutum gani in haske ya ragu. Yana cikin ɗan littafina, an ma rubuta cewa rashin ganye da nono ke kawo shi. Amma tun da na tabbata suna shan abin da ke kare shi, ban kawo shi a rai ba.

Wata safiya Baba Sanda ya zo inda nake dama kunu, abin da bai saba ba. Ya tsuguna ya ce, "Isufu, ba a samun akuya a kusa? Ko ƴar ƙarama. Hanta nake sha'awa."

Na ce, "Babu makiyayi ko ɗaya, Baba, sai an je Azagor."

Ya ce, "Bar shi, ba komai."

Kowane ɗan ƙauye ya san da hanta ake maganin dundumi. Shi ya san abin da ke damunsa, ya ɓoye, don maginin da ba ya gani gida ake mayar da shi, ga shekara ba hatsi, ga iyali. Ya zo ya faɗa mini iyakar yadda babba zai iya faɗa wa yaro. Ni kuwa na ci gaba da dama kunu.

Bayan kwana huɗu, da la'asar, ana saukar da zobe na shida. Rana ta karkata, madubi ba ya kai haske ƙasa sosai. Mushe Garba ya ce a bari sai gobe, Baba Sanda ya amsa daga ciki cewa a sako, ai saura kaɗan. Ina tankaɗe a bayan zana ina jin su. "Saki. Saki. Tsaya. Saki kaɗan." Zoben ya karkace gefe ɗaya, abin da ko sabon shiga zai gani ya janye hannu. Shi bai gani ba, da lalube yake aiki. Muka ji ƙarar siminti bisa siminti, sannan shiru, sannan muryarsa a hankali, "Ku ɗaga. Hannuna ne."

Da aka fito da shi a cikin guga, hannun ba ya kalluwa. Mushe Garba ya ɗaure da rawani, ya ce a tada kamyo. Aka kwantar da shi a bayan mota bisa buhunan siminti. Bai yi kuka ba. Ya kira Ɗan Jimma ya ce, "Tono mini kayana."

Na bi Ɗan Jimma bukkar don in ɗauko bargo. Ya ɗaga tabarma, ya durƙusa, ya fara tona yashi da hannu. Gwangwanaye suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, a jere, hotonsu bai ko goge ba. Talatin da huɗu. Ko ɗaya ba a huda ba.

Na ce, "Ɗan Jimma, bai sha ba?"

Ya ɗago ya dube ni. A ranar babu wasa a bakinsa.

"Wa ya sha? Ɗaga tabarmar kowa ka gani."

"Amma na ce maimakon ganye ne."

"Ka ce. Kai ba ka da ɗiya, ɗan lakwal. Mutum ya yi wata uku a daji, ya koma gida, yara su rugo su tare shi a bakin gari, mi zai miƙa musu? Yashi? Da cuku muke kai musu, bana ina cukun? Sai ga abu mai hoto daga ƙasar Turawa, kai da bakinka ka ce yana kai shekara."

Na tsaya riƙe da bargo. Ya zuba gwangwanayen a buhu, ya ɗaure, ya ɗora mini a kafaɗa.

A asibitin Dakoro majo, babban ma'aikacin lafiya na wurin, ya cire yatsu uku. Biyun da suka rage suka sandare. Ya duba idanun Baba Sanda, ya tambaye ni abin da suke ci, na faɗa masa duka ban rage ba. Sai ya aika a sayo hanta a kasuwa. Cikin kwana goma idon ya dawo sarai, yana ganin allura a ƙasa da almuru. Abin da ƴar akuya ɗaya za ta gyara ke nan.

Na koma bakin aiki da akuya biyu daga Azagor. Mutum biyar suka amsa cewa su ma ba sa gani da yamma, su aka fara ba hanta. Mushe Garba ya fusata, ya ce kowa ya tono abin da ya binne ya shanye a gabansa. A nan ne karo na farko da na yi wa babba musu da ƙarfi. Na ce a bar musu, sun riga sun sa wa kowane gwangwani sunan yaro. Sauran kwalayen da ke ramina na riƙa buɗewa da kaina, in sauke miya daga wuta, in bari ta ɗan huce, in juye a ciki. Littafi bai ɓata ba, Baba Mantau ma bai ɓata ba, tun farko hanyar tana nan ban neme ta ba. Suka ci har da suɗe kwano. Wani magini daga Bader Gula ya ƙarasa rijiyar.

Da muka dawo na je na gaida Baba Mantau. Labari ya riga ni. Bai yi mini faɗa ba.

"Ka taɓa ganin fanko ɗaya?"

"A'a, Baba."

"Wata uku?"

"Wata uku."

Ya ci gaba da ɓare goronsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun daga nan na sake tsarin aikina, kuma shi nake so ku ɗauka. Duk abin da ke rufe, wanda zai shiga aljihu ya kai wata bai lalace ba, in ka ba magidanci a daji gida zai kai shi. Na gwada da kifin gwangwani, na gwada da madara, na gwada da sukari, duk ɗaya ne. Ba wauta ba ce, kuma faɗa ba ya hana shi. Saboda haka guzuri biyu nake yi. Na ci, ni nake buɗe shi, a tukunya ko a kwano, yadda ba zai ɗauku ba. Na tsaraba kuma daban, ko sabulu ne ko sukari ko ƴan gwangwanaye, in nuna musu shi tun ranar da muka sauka, in ce wannan na yaranku ne, yana wurina sai ranar komawa. In mutum ya san ba zai shiga gida hannu sake ba, sai ya ci abincinsa. Ban ƙara tashi ba tare da buhun ganye ba, ko da kamyo zai jira ni mako. In kuma dattijo ya zo murhuna ya ce yana sha'awar wani abu, ina ajiye muciya in tambaye shi me ya sa. Kunya tana nan har yau, amma ina tambaya.

Baba Sanda bai ƙara shiga rijiya ba. Mai yatsu biyu sandararru ba ya riƙe dagi, ba ya tarye zobe. Ya koma tsaron gonar ƙanensa, daga baya ya riƙa tufka igiya da hannu ɗaya da yatsan ƙafa. Ni na raka shi gida ranar da aka sallame shi, don ni na roƙa a bar mini. Muka sauka a bakin Birnin Lalle da hantsi, ina ɗauke da buhun. Yara suka rugo, nasa da na maƙwabta, suna "Baba ya zo, Baba ya zo." Da suka ga hannun a naɗe suka ja baya. Ya ce, "Ku taho mana, ba ya cizo. Isufu, kwance buhun."

A tsakar gida ya zauna bisa turmi yana rabawa da hagu. Wannan na Habu, wannan na Rabi, waɗannan a kai gidan ƙanena, biyu na liman. Matarsa Inna Hajo tana tsaye a bakin ɗaki, idonta a kan hannun, ba ta dubi gwangwanayen ba. Babu mabuɗi a gidan, sai na ciro nawa na huda wa ƙaramar, Rabi, wadda ba ta fi shekara biyar ba. Ta riƙe da hannu biyu, ta kurɓa, ta tsaya. Sai ta tofar a ƙasa.

"Baba, wannan ai miya ce ba a dafa ba."

Sauran yaran suka ɗanɗana, kowa ya ajiye. Habu ya tambaya ko zai iya zubarwa ya riƙe gwangwanin. Baba Sanda ya yi dariya har kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Hajo, kwashe ki zuba a miya, kada a yi asara."

Aka hana ni tafiya sai na ci. Da aka kawo tuwo muka zauna a zaure mu biyu, kwano ɗaya. Ya dubi hannunsa na dama, ya ɗan juya mini kafaɗa, ya sa na hagu. Na sunkuyar da kai don kada ya ga na gani. Ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu, ya tauna a hankali.

"Ashe da daɗi, Isufu," in ji shi.

A ranar ce abin ya fara shiga bakinsa.